Gidan tarihin Bethlem: ƙarami ne, amma bai ci kuɗin jirgina a banza ba

Bethlem Museum of the Mind yana cikin harabar asibitin masu taɓin hankali na Bethlem, a Beckenham, kudu maso gabashin Landan. Shiga kyauta ne. Daga tsakiyar gari sai ka hau jirgin ƙasa zuwa tashar Eden Park, ka ƙarasa da ƙafa ko a bas. Ba kullum suke buɗewa ba, don haka a leƙa shafinsu na intanet kafin a fito. Ni jinyar masu lalurar ƙwaƙwalwa ce sana'ata, da idon ma'aikaciya na kalli wurin, ba da idon 'yar yawon buɗe ido ba.

Abin da ya fara burge ni shi ne asibitin yana aiki har yau. Kafin ka kai ƙofar gidan tarihin za ka iya cin karo da majinyata suna shan iska, ko dangi riƙe da ledar kayan dubiya. Hakan yana hana mutum shiga da rawar kai. An kafa Bethlem a 1247 a matsayin gidan ibada, daga baya ya koma wurin ajiye waɗanda hankalinsu ya gushe. Ya yi ƙaura zuwa Moorfields a 1676, zuwa Southwark a 1815, sannan ya zo nan a 1930. Gidan tarihin kuwa a 2015 aka buɗe shi a tsohon ginin ofisoshin asibitin.

A gindin matakala akwai manyan gumaka biyu na dutse, aikin Caius Gabriel Cibber, waɗanda a da suke kwance a kan ƙofar asibitin na Moorfields. Ɗaya yana ɗaure da sarƙa yana fizge-fizge, ɗayan ya yi lamo, idonsa ba ya kallon komai. Iyakar rabon da ake yi wa cutar ke nan a wancan zamani: mai duka da mai shiru. Na daɗe a gabansu, domin a gida ma har yanzu haka da yawa suke raba ta, kuma mai shirun ba a cika kai shi asibiti ba sai abu ya yi nisa. A ƙarƙashin waɗannan gumaka ne mutanen gari suke wucewa su shiga kallon majinyata don nishaɗi, har zuwa 1770 da aka taƙaita shigar.

Ɓangaren da ya fi tsaya mini a rai shi ne na kayan ɗauri: sarƙoƙi, rigunan da ke haɗe hannuwa, da na'urar jona wa kai lantarki. Duk wanda ya taso a Arewa ya san mari da turu, kuma bai manta da mutanen da aka fito da su ɗaure daga wasu gidajen mari a Kaduna da Katsina a 2019 ba. Bature ma ya bi ta wannan hanya. A 1814 wani mai fafutuka, Edward Wakefield, ya tarar da Norris, matuƙin jirgin ruwa ɗan Amurka, an saƙala masa zoben ƙarfe a wuya an haɗa da sanda a bango, ya shafe kusan shekara 10 a haka. Maganar ta kai majalisa a 1815, kuma babban likita Thomas Monro da mai haɗa magani John Haslam suka rasa muƙamansu. Abin lura, tun 1796 William Tuke ya buɗe gidan jinya a York inda ake lallaɓa majinyaci da aiki da mutunci. Wato dai sanin wata hanyar yana nan, bin ta ne ba a yi ba. Masu gidan tarihin ba su wanke asibitinsu ba, ba su kuma nuna kamar magana ta ƙare ba. Mu da muke riƙe mutum a yi masa allura ba da son ransa ba, mun san ba ta ƙare ba.

Zane-zanen majinyata su ma abin tsayawa ne. Akwai na Richard Dadd, wanda ya kashe mahaifinsa a 1843, aka kawo shi Bethlem a 1844, ya ci gaba da zane har aka mayar da shi Broadmoor, asibitin tsare masu taɓin hankali da suka aikata laifi, a 1864. Akwai kuliyoyin Louis Wain. An daɗe ana jera su a littattafan koyarwa, daga kyanwa sak zuwa wadda ta rikiɗe ta zama launuka, wai shaida ce ta yadda cutarsa ta riƙa tsananta. Matsalar ita ce Wain bai sa kwanan wata a zanen ba, wani likita ne ya jera su yadda ya ga dama. Ɗalibi ya riƙe wannan. Ana sauya abin da ke bango lokaci zuwa lokaci, kada ka sa rai za ka ga duka.

Sai dai wanda ya zo neman tarihin fannin nazarin ƙwaƙwalwa a jami'a, irin su ɗakin gwajin Wilhelm Wundt na Leipzig a 1879 ko rabe-raben cututtuka na Emil Kraepelin, ya sani nan labarin asibiti da majinyatansa ne a gaba, sauran sai ya koma littafi. Ni kuma da na fito, Thomas Adeoye Lambo, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Najeriya, shi ne ya faɗo mini. A Maudsley ya ƙware, asibitin da aka haɗe da Bethlem a 1948, ya koma asibitin Aro a Abeokuta, inda a 1954 ya fara saukar da majinyata a gidajen ƙauyawa tare da danginsu, yana aiki har da masu maganin gargajiya. Duk ɗan Najeriya da zai je, ya karanta labarin Aro tukuna, zai fi fahimtar abin da yake gani.

Awa biyu ta isa a zaga ko'ina a natse. A ginin akwai Bethlem Gallery, inda ake baje ayyukan masu zane na zamanin nan da suka taɓa jinya, a haɗa da shi. Ƙananan yara kuwa, ni dai ba zan kai su ɓangaren sarƙoƙin ba.