Wasiƙa daga Mancesta: kafin a miƙa wa Auta makullin Sharon

Assalamu alaikum Yaya.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, da Inna da jikin nata. Saƙonka ya iso kuma na ga hoton motar. Sharon ɗin ta yi kyau, Allah Ya sa a ci arzikinta. Ka ce Auta ya matsu a ba shi makulli ya fara lodin Kano zuwa Kaduna kafin sallah, har ya samu layi a tasha. Ina roƙonka ka ɗan riƙe makullin nan har ka gama karanta takardar nan, sannan ka zaunar da shi ka karanta masa.

Ka san shekara goma sha huɗu na yi ina tuƙi a gida kafin in taso. Da na zo Ingila, doka ta ba ni wata 12 in yi amfani da lasisin Najeriya, bayan nan sai in nemi nasu daga tushe kamar yaron da bai taɓa riƙe sitiyari ba. Lasisin koyo fam 34. Jarrabawar kwamfuta fam 23, tambaya 50 ce sai ka ci 43, sannan a nuna maka gajerun bidiyo 14 na hanya, kana dannawa duk sa'ad da ka hango haɗari na tasowa. Gwajin kan titi fam 62, minti arba'in ne, kuma kafin ka shiga mota sai ka karanta lambar wata mota daga nisan mita 20, don a san idonka ƙalau. A hannun hagu suke tuƙi, irin yadda Baba yake ba mu labari ana yi a gida kafin canjin 1972. Gwajin farko ban ci ba. Na fita daga shataletale ban duba madubin hagu ba, alhali akwai mai keke a gefena. Raina ya ɓaci ranar, amma gaskiyar mai gwajin ce. A karo na biyu na samu.

Aikina na kula da tsofaffi a gidajensu ne, don haka kullum ina kan hanya tun asuba. Wata safiya a watan Janairu ina tafiya gidan wata tsohuwa a wajen Glossop, garin da hanyar Sheffield take fara hawa duwatsu. Titi baƙi wuluk kamar an wanke shi, ashe ƙanƙara ce ta kwanta a kai, siririya yadda ido ba ya ganinta. Na shiga kwana da gudun da na saba, na taka birki a tsakiyarta, sai motar ta ƙi jin sitiyari. Ta yi ta sulalewa har ta tsaya taku biyu da katangar dutse. Allah Ya kiyaye babu mota a ɗaya hannun. Na daɗe a zaune hannuna na rawa. Ban faɗa muku ba a lokacin saboda Inna.

Wata abokiyar aikina ce ta ce in je in yi kwas ɗin ƙwarewar tuƙi. Iri-iri ne a nan. Akwai Pass Plus na sababbin direbobi, aƙalla awa shida, ana zagayawa da kai cikin gari, da hanyar ƙauye, da dare, da ruwan sama, da manyan hanyoyi. Akwai na RoSPA, wata ƙungiyar rigakafin haɗura, inda ake ba da daraja uku, tagulla da azurfa da zinariya, kuma duk shekara uku sai an sake gwada mutum. Ni na shiga na IAM RoadSmart, ƙungiyar da aka kafa tun 1956. Abin da na biya bai kai kuɗin sababbin tayoyi huɗu ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne masu koyarwar 'yan sa kai ne, ba a biyan su ko kwabo. Wanda aka haɗa ni da shi dattijo ne da ya yi ritaya, sa'an Kawu. Ranar Lahadi da safe yake shiga motata ya zauna a gefe da ɗan littafinsa, mu yi awa ɗaya da rabi muna yawo.

Fitarmu ta farko bai ce mini komai ba sai da muka yi nisa, sannan ya tambaye ni wane allon alamar hanya muka wuce yanzun nan. Ban sani ba. Ya ce wace irin mota ce a bayanmu. Sai da na ɗaga kai na duba. Da muka tsaya ya ce hannuna yana da kyau, ya ga na iya sarrafa mota a matsatsi fiye da yawancin mutanen da ya koyar, amma idona a bayan motar gabana kaɗai yake. Maganar nan ta zauna mini, Yaya, domin haka muka tashi. Wanda ya iya kutsawa tsakanin a daidaita sahu biyu a Kantin Kwari ba tare da ya goge fenti ba, shi muke ce wa gwani. Auta ma abin da ake yabonsa da shi ke nan. To wannan gwanintar ta cikin gari ce, inda in an yi kuskure madubi ne zai fashe. A hanyar Zariya da mutum bakwai a mota, hannu ba ya gyara abin da ido ya makara bai gani ba.

Tsarin da suke koyarwa daga direbobin 'yan sanda aka ɗauko shi, kuma mataki biyar ne a jere duk lokacin da za ka tunkari kwana ko mararraba ko wani abin shakka. Ka fara tattara abin da hanya ke faɗa maka, gaba da baya da gefe. Ka sa motar a wurin da ya dace. Ka rage gudu da birki tun kana miƙe. Ka sa giyar da ta dace da gudun. Sannan ka ba ta wuta ka fita. Kuskurena na Glossop ke nan, na haɗa birki da juya sitiyari a lokaci ɗaya, taya kuwa ba ta iya ɗaukar nauyin biyun a kan titi mai santsi.

Wanda ya fi ba ni wuya shi ne tuƙi da baki. Zai ce in riƙa faɗin duk abin da na gani da abin da zan yi a kai, da ƙarfi, ba tsayawa. Da farko numfashina har sarƙewa yake. Daga baya na fara ganin abubuwan da shekara da shekaru nake wucewa. In an jera kwandunan shara a ƙofar gidaje, motar shara na iya kasancewa a tsaye bayan kwana. Ɗanyen kashin doki a titi, dokin yana gaba. Ƙafafu a ƙarƙashin motar da ke fake, wani zai fito. Duk lokacin da nake wannan, hanyoyinmu nake gani. Ganyen da aka zuba a titi, ai tirela ce ta lalace a gaba. Ƙura ta tashi a gefen daji, garke ne zai tsallaka, kuma bayan saniyar ƙarshe akwai ɗan yaro da sanda. Garin da kasuwarsa ke ci ranar, tun daga nesa za ka ga 'yan acaɓa da kaya sun yawaita. Fitila ɗaya da dare ba lallai babur ba ne, sau da yawa mota ce mai ido ɗaya. Duk mun san waɗannan, amma ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya ce tun daga ganin alamar ake ɗage ƙafa daga totur, ba sai an ga abin ba.

Ƙa'idar da dattijon nan ya fi maimaitawa ita ce kada gudunka ya wuce yadda za ka iya tsayawa, a hannunka, cikin iyakar abin da idonka ke gani babu komai. Ga lissafin da ke littafin dokar hanyarsu: a gudun mil 30 a awa, wato kilomita 48, mota na bukatar mita 23 kafin ta tsaya. A mil 70, kusan kilomita 112, mita 96 take bukata, kusan tsawon filin ƙwallo, kuma wannan da busasshen titi ne da birki mai kyau. Ka auna da Sharon cike da fasinja da buhuna a but, cikin hazon hunturu ko da dare. Tazara kuwa sakan biyu ce tsakaninka da na gaba. Ni yadda nake aunawa, in motar gaba ta wuce wata bishiya sai in ce "Subhanallahi wa bihamdihi" a natse. In na iso bishiyar kafin in ƙarasa, na matse shi. Da ruwan sama a ninka, a kan ƙanƙara har sau goma.

Akwai kuma dabarar kwana da nake so Auta ya gwada. In ka tunkari kwana, ka kalli can inda gefen titin dama da na hagu suke haɗuwa a idonka. In wurin yana matsowa gare ka, gudunka ya yi yawa. In yana tafiya daidai da kai, ka riƙe haka. In ya fara guje maka, kwanar ta buɗe, ka ba ta wuta.

Gwajin ƙarshe kamar awa ɗaya muka yi da wani tsohon ɗan sandan hanya, kuma alhamdu lillahi na ci. Za ka tambaye ni ribar. An ce mini inshora na raguwa, kuma wasu kamfanoni suna ragewa, amma ni abin da aka rage mini kaɗan ne, ba don shi zan ce wani ya yi ba. Mai dai yana daɗe mini fiye da da, saboda na daina gudu zuwa danja in taka birki. Babbar ribar ita ce ina dawowa gida da yamma wuyana bai sage ba, kuma tun ranar Glossop ban sake taka birkin firgita ba.

Kada ka ɗauka komai na nan ya fi namu. Bakanike a nan kuɗin hannunsa kawai ya isa ya sa ka jingine mota, kuma yawanci ba ya gyara abu, cirewa yake ya sa sabo. Namu na Ƙofar Ruwa zai tayar da injin da aka fitar da rai da shi. Direban da ya tashi a hannun ubangida ya san kukan motarsa, yawancin mutanen nan kuwa ko bonet ba sa buɗewa. In ka lalace a hanya a gida, ba ka rasa wanda zai tsaya. Inda suka sha gabanmu shi ne taya da hutu. Duk motar da ta kai shekara uku sai an duba lafiyarta kowace shekara, kuɗin bai wuce fam 54.85 ba. Zurfin zanen taya in bai kai milimita 1.6 ba laifi ne, tarar na iya kai fam 2,500 a kan kowace taya. Kuma littafin nasu ya ce duk awa biyu direba ya huta minti 15. Na san yadda lodin sallah yake, mutum ya yi sawu biyu ko uku a rana da goro da shayi. Na san kuma abin da za a ce, cewa kwana in ya ƙare ya ƙare. Haka ne, amma mun ji tun muna makarantar allo cewa a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali.

Ga abin da nake roƙo. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu a ƙarshen wani dogon rubutu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. In ka ga 2319, mako na 23 ne na 2019. Ka ɗauko mini hoton na duka tayoyin har da safaya. In tsofaffin 'yan kwatano ne, zan turo kuɗin sababbi ƙarshen wata, kada a yi lodi kafin nan. A kai Auta asibiti a auna idonsa, don na tuna tun yana sakandare yake matse ido in yana kallon allo. Sannan ka shiga gaban motar da kanka ku je Zariya ku dawo babu fasinja, sau uku ko huɗu, yana tuƙi yana faɗa maka abin da ya hango. In ya yi shiru, ka tambaye shi me ke bayansa.

Ka ce masa ya kira ni ranar Juma'a bayan isha'i, ba ni da aiki ranar. A gaida Inna da kyau, a ce mata rigar sanyin na nan tafe da mai zuwa gida wata mai kamawa.

Ƙaninka.