Manhajar sudoku ta ce na yi kuskure, alhali lambar da na sa daidai ce

Da a farkon fara amfani da manhajar nan aka ce in ba ta maki, da taurari biyar zan danna ba tare da wani dogon tunani ba. Abin da ya ja ni gare ta shi ne ƙananan allunanta. Yawancin manhajojin sudoku kai tsaye suke jefa mutum cikin babban allon nan mai gurbi 81, ita kuwa tana da na huɗu-huɗu da na shida-shida, waɗanda mutum zai iya warwarewa a ɗan zaman da bai kai ya kawo ba. Na shida-shidan ne ya fi kwanta min: gurbi 36, akwati shida, kowane akwati layi biyu a kwance da gurbi uku-uku, kuma lambobin daga 1 zuwa 6 ne kawai. Doka ɗaya ce, kada lamba ta maimaitu a layin kwance, ko a layin tsaye, ko a cikin akwati.

Wanda bai taɓa yin wasan ba yakan ɗauka lissafi ne. Babu tarawa, babu ɗebewa. Daɗinsa duk yana wurin kore abin da ba zai yiwu ba har sai abu ɗaya tak ya rage. Ga misali daga allon da zan yi magana a kansa. A akwatin sama na hannun dama ina neman inda 6 za ta zauna. Layi na biyu ya riga ya samu tasa 6 ɗin a can hagu, don haka gurabe ukun ƙasa na akwatin sun fita. Saura ukun sama. Layin tsaye na huɗu yana da 6 a can ƙasa, layin tsaye na shida ma yana da ita. To gurbin tsakiya kaɗai ya rage, dole 6 ta zauna nan ko tana so ko ba ta so. Wannan "dole" ɗin ita ce ran wasan. Ba ka sa lamba don ranka ya ba ka, sai don ka toshe mata kowace hanya. Kuma a gaskiya maɓallin taimako na manhajar ya burge ni a nan, domin ba ya jefo maka amsa kawai, yana haskaka layukan da suka tilasta lambar, ka gani da idonka. Na yaba musu da wannan, har yanzu ma ina yabawa.

Sai kuma abin da ya sa na zauna rubuta wannan sharhi.

Allo ne na shida-shida a matakin da suka kira mai wuya. Na bi shi a hankali, kowace lamba da hujjarta, har na cike komai sai gurbi huɗu. Layi na uku ya tsaya a haka: 6, gurbi, 1, sannan 3, gurbi, 4. Layi na huɗu kuma: 3, gurbi, 4, sannan 1, gurbi, 6. Duk guraben huɗu suna kan layin tsaye na biyu da na biyar. Layi na uku yana neman 2 da 5. Layi na huɗu ma 2 da 5 yake nema. Na duba layin tsaye na biyu, akwai 3 da 4 a sama, 1 da 6 a ƙasa, shi ma 2 da 5 yake jira. Na biyar ɗin haka. Akwatin hagu na tsakiya 2 da 5, na dama 2 da 5. Duk inda na juya amsar ɗaya ce.

Ku tsaya ku gwada da kanku a takarda. Idan aka sa 2 a hagun layi na uku, 5 za ta tafi damansa, layi na huɗu ya ɗauki 5 a hagu da 2 a dama. Babu dokar da aka karya. Idan aka juya, aka fara da 5 a hagun layi na uku, komai ya juya tare da ita, kuma nan ma babu dokar da aka karya. Ma'ana allon amsa biyu gare shi, duka ingantattu, kuma babu wata lamba a ko'ina cikin allon da ta fifita ɗaya a kan ɗaya. Na daɗe ina kallon wayar ina neman abin da zai raba gardamar, na sake bin layukan ɗaya bayan ɗaya tun daga sama, domin ban yarda za a saki allo a haka ba. Komai yana wurinsa.

Da na ga ba makawa, na sa 2. Nan take gurbin ya yi ja, wayar ta yi ɗan girgiza, aka rubuta min a sama cewa na yi kuskure ɗaya cikin ukun da aka yarje min. Wallahi raina ya ɓaci ba kaɗan ba. Lambar da ba ta saɓa wa layi ba, ba ta saɓa wa akwati ba, a ce kuskure ce don kawai ba ita aka ɓoye a cikin cikin manhajar ba! Na danna maɓallin taimakon nan da nake ta yabo, in ji hujjar da zai kawo. A karon farko bai haskaka layi ko ɗaya ba. Ya ajiye 5 a gurbin ya yi shiru. Dama me zai ce? Ba shi da hujja, don babu ita.

A nan na gane yadda abin yake aiki. Manhajar ba dokar wasan take dubawa ba idan ka sa lamba, tana kwatanta abin da ka sa ne da cikakken allon da ta ajiye. Ga dukkan alamu suna fara cike allo ne, su goge wasu lambobi, su miƙo maka, ba tare da sun tsaya sun tabbatar abin da ya rage hanya ɗaya kawai yake kaiwa ba. Kamar malamin da yake duba jarrabawa da takardar amsa a hannu, duk wanda ya kawo amsa daidai wadda ba ta cikin takardar sai ya ci jan biro.

Wani zai ce allo ɗaya ne, me ya yi zafi? Abin da ya yi zafi shi ne amsa ɗaya tak ita ce ginshiƙin wasan tun asalinsa. A 1979 ya fara fitowa a mujallar wasanni ta kamfanin Dell a Amurka, kuma Howard Garns ake danganta ƙirƙirarsa da shi. Kamfanin Nikoli na Japan ya ɗauke shi a 1984, ya raɗa masa sunan da duniya ta san shi da shi yanzu, kuma an san su da tsara allunansu da hannu, mutum ya zauna ya bi kowane mataki yana tunanin wanda zai warware. Wayne Gould, tsohon alƙali ɗan New Zealand, ya shafe shekaru yana rubuta manhajar da ke ƙera alluna kafin jaridar The Times ta Landan ta fara buga su a watan Nuwamba na 2004, daga nan wasan ya bazu ko'ina. Masana lissafi ma sun ɗauki maganar amsa ɗaya da muhimmanci har suka yi ta neman mafi ƙarancin lambobin da za a bari a babban allo ya kasance da amsa guda. A 2012 Gary McGuire da abokan aikinsa a Dublin suka nuna cewa 17 ne, duk allon da aka bar wa 16 to yana da amsa fiye da ɗaya. Sun ci dogon lokacin manyan kwamfutoci kafin su kai ga haka. Amma duba allo guda mai gurbi 36 a ga ko amsarsa ɗaya ce, wannan aikin ƙiftawar ido ne ga kowace waya. Ka warware shi, ka ci gaba da nema, in ka samu amsa ta biyu ka jefar da allon. Shi ke nan abin da suka kasa yi.

Kuma irin wannan tarko na gurbi huɗu ba baƙon abu ba ne ga masu wasan. Gwanaye ma dabara suke yi da shi. Idan suka hango gurabe huɗu a layi biyu da akwati biyu suna neman rufewa a kan lambobi biyu kacal, sai su ce tunda allon kirki ba ya da amsa biyu, dole ɗaya daga cikin guraben ya ɗauki wata lamba daban, su kore waɗancan daga cikinsa. Wato sun jingina tunaninsu ne a kan amanar wanda ya tsara allon. A manhajar da ba ta tace allunanta, mai wannan dabarar zai yi tunani daidai kuma ya faɗa rami. Tun daga ranar, duk allon da na tsaya cak a cikinsa sai zuciyata ta rabu biyu: akwai wata hujja da ban hango ba tukuna, ko kuwa wani gurgun allon ne aka sake ba ni? A da idan na maƙale na san mafita tana nan, haƙuri kawai ake nema. Wannan natsuwar ce suka ɗauke min, kuma ita ce ta fi min ciwo fiye da jan gurbin.

Na ɗauki hoton allon na tura musu ta wurin aika ƙorafi, na yi bayani dalla-dalla, na jera amsoshin biyu gefe da gefe. Amsar da ta dawo ta gode min da amfani da manhajar, ta ce in gwada maɓallin taimako idan wasa ya yi min wuya, ta kuma tuna min cewa akwai matakan masu koyo. Ko hoton ba su buɗe ba, na tabbata. Na sake rubutawa, shiru.

Da zafin ya ɗan lafa na yi ƙoƙarin yi musu adalci. Allunan huɗu-huɗu da matakan sauƙi na shida-shida ban taɓa cin karo da matsala a cikinsu ba, ƙila saboda lambobin da ake bari suna da yawa. Ƙananan lambobin da ake rubutawa a kusurwar gurbi don tuna abin da zai iya zama a wurin suna aiki lafiya, har suna goge kansu idan ka cike layi. Har na fara cewa a raina taurari uku ya dace da su.

Amma da na koma ina wasa da ido a buɗe, sai wani abin da a da nake kau da kai a kansa ya fara ci min tuwo a ƙwarya, wato shi kansa jan launin. A kunne yake zuwa tun farko, kuma sai ka tona can cikin saituna kafin ka ga inda ake kashe shi. Ku duba abin da yake koya wa mutum. Gurbi yana iya ɗaukar lamba biyu, ka danna ɗaya, in ta yi ja ka san ɗayar ce. Ka samu amsa ba tare da ka gano komai ba. An mayar da wasan tunani canki-canka. Na ga wani yaro yana bugawa a haka, yatsa na gudu, allo na cika, na tambaye shi me ya sa 4 ta zauna a wancan gurbin, ya ce ai ba ta yi ja ba. Idan kuma kuskure uku suka cika, sai a tare ka da cewa ka kalli talla a ba ka dama ta biyu. To ai ka ga inda aka dosa. Mai kintace shi ne mai kawo musu riba, don shi ne mai yawan kallon talla, mai zama ya yi tunani kuwa ba ya kawo komai. Da na haɗa wannan da allon nan mai amsa biyu, wanda ya tilasta min kintace sannan ya ci ni tara a kai, sai taurari ukun suka koma biyu. Ni da na biya kuɗin cire talla tun farko don in yi wasana cikin kwanciyar hankali, kuɗin bai saya min allon da aka tace ba.

Ga agogon da ke gudu a saman allo, da saƙon da ke faɗowa wai wasu sun fi ka sauri. Sauri a wasan da ake so mutum ya nutsu ya ga dalili! Shi ma na kashe shi.

Duk wanda ya riga ya sauke ta, shawarata ya fara shiga saituna ya kashe nuna kuskure da agogo, ya tsaya a matakan sauƙi da matsakaita, ya yi amfani da maɓallin taimako don ganin hujja. Idan ya hau mataki mai wuya ya tarar da gurabe huɗu suna ta musayar lambobi biyu a tsakaninsu, kada ya zargi ƙwaƙwalwarsa, ya rufe allon ya ɗauki wani. Ni dai na koma warware masu wuyan a takarda da fensir, daga wurin masu tsara alluna da ke tabbatar da amsa ɗaya. Su kuma masu manhajar, hoton yana nan a akwatin saƙonsu, layi na uku da na huɗu, gurbi na biyu da na biyar. Su buɗe su faɗa min dokar da ta hana 2 zama a wurin.