Malta ko Curacao? Ka duba lasisi kafin ka zuba kuɗinka a shafin cacar ƙasar waje

Ni dai tun da kuɗina suka taɓa maƙalewa a wani shafin caca na ƙasar waje na daina kallon yawan wasanni ko girman bonas, tambaya ɗaya nake yi, in sun ƙi biyana wa zan kai wa ƙara? Kamfanin ba ya ƙasarku, ba shi da ofishin da za ka je ka tsaya a bakin ƙofa, don haka hukumar da ta ba shi lasisi ita ce kaɗai gatanka. Sunanta na can ƙasan shafin cikin ƙananan rubutun nan da kowa ke tsallakewa. Kuma ka sani tun yanzu, lasisin waje bai wanke ka a dokar ƙasar da kake zaune ba, wannan kai za ka bincika da kanka kafin komai.

Ba zan ɓoye ba, ni Malta nake yi. Tun 2004 suka kafa dokar cacar intanet, su ne na farko a Tarayyar Turai, a 2018 kuma suka sake sabuwar doka. Hukumarsu MGA tana tilasta wa kamfani ya ware kuɗin ƴan wasa daban da kuɗin da yake gudanar da harkarsa, ma'ana ba da ajiyarka zai biya albashi ko talla ba. Dole ya ba ka damar sa wa kanka iyakar kuɗin da za ka yi caca da su da damar rufe akawun ɗinka na wani lokaci ko gaba ɗaya, in ka rage iyakar nan take za ta fara aiki, in kuma ka ce a ƙara sai ka jira aƙalla awa 24, wannan jiran kuwa ba ƙaramin taimako ba ne ga wanda zuciya ta ɗeba da tsakar dare. Abin da ya fi burge ni shi ne akwai inda ake kai ƙorafi, ka fara da kamfanin, in bai saurare ka ba ka cike fom a shafin hukumar ko ka je wajen masu sasanci da kamfanin ya ambata a sharuɗɗansa. Suna da jinkiri, ba kullum kake nasara ba, amma kamfani ya san lasisin da ya sha wahala ya samu ana iya dakatar da shi ko a soke, kuma suna sokewa, suna wallafa sunan kowa ya gani.

Wani abu da mutane ba sa lura, kamfani ɗaya kan riƙe lasisi biyu, na Malta da na wani wuri, sai ya ajiye Turawa a ƙarƙashin na Malta, sauran ƙasashe ya tura su ɗayan. Buɗe sharuɗɗan ka ga da wane kamfani kai kake ƙulla yarjejeniya, tambarin da ke fuskar shafin ba lallai kai yake karewa ba.

Na Birtaniya ya fi na Malta tsauri, tun Afrilun 2020 suka hana caca da katin bashi, amma mazauna can yake karewa, in ba can kake ba ka manta da shi. Isle of Man da Gibraltar ba laifi, sai dai shafukansu ba su da yawa. Curacao, wani tsibiri a yankin Karebiyan, ita ce aka fi gani, shekara da shekaru kamfanoni huɗu ne ke riƙe da manyan lasisi suna rarraba ƙanana ga duk mai kuɗin saya, sai a Disambar 2024 sabuwar doka ta fara aiki wadda ta mayar da bayar da lasisin hannun hukuma, to muna kallo, ni dai ban saki jiki ba tukuna. Anjouan na tsibiran Komoros araha ce ke kai mutane can, araha kuwa ba ta ado. Kosta Rika ba ta ma bayar da lasisin caca, rajistar kamfani ce kawai, duk wanda ya ce maka yana da shi ka rufe shafin.

Abin da ya same ni kuwa, na ci dala 600 na danna cirewa, suka ce ana dubawa. Kwana uku suka nemi fasfo na tura, bayan mako suka ce hoton bai fito ba, na sake, sai suka ce takardar shaidar adireshi, kullum da sabon zance. Duk tsawon lokacin nan akwai wani maɓalli kore a gefen kuɗin mai cewa soke cirewa ka ci gaba da wasa, duk buɗewar da zan yi shi nake fara gani. A dare na goma sha biyu na danna shi, kafin gari ya waye babu ko sisi. Daga baya na gane jinkirin da maɓallin tare suke aiki, hukumar Birtaniya ma ta haramta shi a 2021. Shi ya sa yanzu nake cewa ka tura takardun tantancewa, abin da suke kira KYC, ranar da ka buɗe akawun, ka zuba ɗan kaɗan, ka gwada cire ɗan kaɗan, ka ƙirga kwanakin. Ka duba nawa suke bari a cire a mako ko a wata, don wasu za su riƙa tsiyayo maka kuɗinka kaɗan-kaɗan har ka gaji ka mayar musu.

Sai maganar jabu, nan fa aka fi cin mutane. Tambarin lasisi hoto ne kawai, yaro ma zai iya kwafa ya manna. Kada ka yarda da shi, kada ma ka bi linkin da ke jikinsa don suna ƙirƙirar shafin tabbatarwa na bogi mai kama da na gaske sak. Rubuta adireshin hukumar da hannunka, shiga rajistarsu, nemi sunan kamfanin, ka tabbatar adireshin shafin da kake ciki harafi da harafi yana cikin waɗanda aka amince. Lambar lasisin Malta galibi tana farawa da MGA/B2C ko MGA/CRP ta ƙare da shekara, amma ita ma ana satarta, shi ya sa hukumar ke yawan fitar da sanarwar shafukan da ke ƙaryar alaƙa da ita. Akwai masu kwaikwayon sanannen shafi su canja harafi ɗaya. Akwai wasannin sata, hoto da sauti duk iri ɗaya da na asali amma an taɓa lissafin ciki, tambarin masu gwaji irin su eCOGRA da iTech Labs shi ma mannawa suke. Manhajar da aka turo maka ta Telegram ko WhatsApp kada ka saka a wayarka. Mai cewa yana da sirrin cin wasa ko na'urar hasashe maƙaryaci ne, da yana da shi ba zai sayar maka ba. In aka ce sai ka biya haraji ko kuɗin buɗe akawun kafin a sakar maka abin da ka ci, damfara ce kai tsaye. Mafi rashin imani su ne masu zuwa bayan an cuce ka su ce za su ƙwato maka kuɗinka in ka ba da kafin alƙalami. In da kirifto ka tura kuwa ya tafi kenan, ba bankin da zai dawo da shi. VPN, manhajar ɓoye ƙasar da kake, ita ma tarko ce, za su karɓi kuɗinka ba musu, ranar da ka ci su ce ka karya sharaɗi.

Bonas kuma a yi lissafi. An ba ka dala 100 da sharaɗin juyawa sau 35, wato sai ka yi wasan dala 3,500 kafin ka cire. Injin da ke mayar da kashi 96 cikin ɗari zai cinye kusan dala 140 a wannan juyin, ya fi kyautar yawa. Ko a shafi mai gaskiya gidan ne ke da riba, rulet ɗin Turai kashi 2.7, na Amurka mai sifili biyu kashi 5.26, ba dabarar da ke goge wannan. Ni ba na karɓar bonas kwata-kwata.

Don haka kuɗin da ka zuba ka ɗauka ka kashe su, ba jari ba ne, ba da bashi ba, ba da kuɗin haya ko na makarantar yara ba, kuma ka sa iyakar kafin wasan farko, ba bayan ka fara hasara ba. Rufe akawun a shafi ɗaya ba ya hana ka buɗe wani, GamStop kuma, tsarin da mutum ke yin rajista don a hana shi shiga shafukan caca, shafukan masu lasisin Birtaniya kaɗai yake toshewa. Abin da ke aiki ko'ina shi ne manhajar toshewa a kan wayar kanta, BetBlocker kyauta ce, Gamban ana biya, wasu bankuna ma suna bari ka kulle katinka daga biyan caca. Ranar da ka ga kana bin abin da ka rasa, ko kana goge saƙon banki don kada wani a gida ya gani, ka saka manhajar a ranar, ka zaɓi wa'adi mai tsawo, ka faɗa wa mutum ɗaya da ka yarda da shi adadin kuɗin na gaskiya.