Microsoft Word da Rubutun Kan Shafi: Ƙarfinsa da Inda Yake Kayar da Masu Buga Kundi

A shagunan buga takardu na Ngaundare da Marwa a Kamaru, lokacin miƙa kundin kammala jami'a, ƙorafin ɗalibai kusan ɗaya ne: an gyara rubutun kan shafi, wato wanda ke maimaituwa a saman kowane shafi, a babi na biyu, sai ga shi ya canza har a shafin sadaukarwa. Mafi yawan kwamfutocin yankin Word na Faransanci ke kansu, saboda haka sunayen maɓallan da ke nan na Faransanci ne.

Ta fuskar iyawa, Word ba shi da laifi. Kundi ɗaya yana ɗaukar bango marar lamba, shafukan godiya masu i, ii, iii, sannan gabatarwa ta fara daga 1. Sharaɗin shi ne a raba takardar sashe-sashe. Ctrl+Entrée sabon shafi kawai yake buɗewa, ba ya yanka sashe. Sai an shiga Mise en page, an danna Sauts de page, an zaɓi Page suivante da ke ƙarƙashin Sauts de section.

Inda muka rage masa maki shi ne maɓallin Lier au précédent. Duk sabon sashe yana zuwa ɗaure da na bayansa, kuma alamar ƙarama ce ƙwarai, wani ɗan rubutu a gefen dama mai cewa Identique au précédent. Muddin yana nan, abin da ka rubuta ko ka goge zai shafi sashen baya. A fara tsinke igiyar da ta ɗaure su ta hanyar danna maɓallin nan, sannan a taɓa rubutu. Kuma igiyar ba ɗaya ba ce: ta kan shafi daban, ta gindin shafi daban. Idan an kunna Première page différente (shafin farko daban) da Pages paires et impaires différentes (shafuka masu lambar cika da na mara daban), kowane sashe yana da kai uku da gindi uku, kowanne da tasa igiyar, shida ke nan. Première page différente sashen da kake ciki kaɗai yake shafa, Pages paires et impaires différentes kuwa takardar gaba ɗaya yake kamawa, kuma Word bai faɗa maka ba.

Lambar shafi ma hanyarta daban, tsinke igiya ba ya mayar da ita 1. Ana shiga Format des numéros de page, a zaɓi À partir de, a sa 1.

Ɓarna mafi muni tana zuwa wajen goge layin raba sashe. Layin nan shi ke riƙe da tsarin shafukan da suka gabace shi, to da an goge shi, sai su ɗauki kai, gindi da tsayuwa ko kwanciyar shafin sashen gaba. Shi ya sa ake barin maɓallin ¶, mai nuna ɓoyayyun alamomi, a kunne, don a ga layin kafin yatsa ya kai gare shi.

Shafin tebur da aka kwantar yana buƙatar layin raba sashe gaba da baya. A takardar A4 mai gefen santimita 2.5, faɗin rubutu 16 ne a tsaye, 24.7 a kwance, don haka lambar da aka tura dama da Tab takan maƙale a santimita 16 sai an matsar da ita.

Abin yabo na gaske shi ne filin RéfStyle, wani umarni da ake sakawa a kan shafi. Idan taken babi yana kan salon Titre 1, shi da kansa zai riƙa ɗauko sunan babin zuwa kan shafi, ba sai an yanka sashe ga kowane babi ba.

LibreOffice Writer kyauta ne, kuma tsarinsa na salon shafi ya fi fitowa fili. Amma idan kundi zai riƙa yawo a filasha tsakanin ɗalibi, malami da mai shago, gara a tsaya kan Word, a fitar da PDF kafin a kai ga firinta.