GARGAƊI: Naira 68,000 na biya, kifin kwata aka aiko mini

Jama'a, na fi sati guda ina ɗaukar waya in rubuta wannan sai kunya ta sa in ajiye. Yau dai zuciyata ta ƙi haƙura. Naira 68,000 wani mutum ya ci mini a kan 'ya'yan kifin ado, irin ƙananan nan da ake kira gofi, Turawa na rubuta shi guppy. Naira 68,000, a wannan marra da ake ciki.

Kafin wani ya ce ganganci na yi, a sani ni ba sabon shiga ba ne. Shekara uku ke nan ina kiwon gofi a tankin gilashi a falona a nan Kano. Na san ba ƙwai take sakawa ba, haihuwa take yi, cikinta bai fi kwana 21 zuwa 30 ba. Na san uwar na cinye 'ya'yanta idan ba a raba su ba ko a cika musu tankin da ciyawar ɓuya. Da hannuna nake murje gwaiduwar dafaffen ƙwai in ɗiga musu a bakin tsinke, kaɗan kaɗan don kar ruwan ya ɓaci. Da hunturu har bargo nake lulluɓa wa tankin idan aka ɗauke wuta, don kifin nan ya fi son ruwa mai ɗumin digiri 24 zuwa 28. To wanda ke wannan wahalar ne za a ce bai san abin da yake yi ba?

A wani zauren masu kiwon kifi na Facebook na ga mutumin, ya saka bidiyon wani nau'in gofi da ake kira Moscow Blue, shuɗi ƙirin tun daga kai har jela, jelar kamar mafici. Ya ce a Legas yake, amma ɗan Arewa ne. Muka koma WhatsApp. Hausarsa tsaf. "Yallaɓai" yake ce mini, wani lokaci "babban yaya".

Ga abin da ya cuce ni, kuma shi nake ta juyawa a raina har cikin dare. Na gaya masa na tanadar musu sabon tanki, na ce zan tura kuɗi a ranar, sai ya ce a'a. Shi da bakinsa. Ya turo saƙon murya yana cewa, "Yallaɓai kar ka turo ko kwabo yanzu. Sabon tankin nan naka bar shi ya yi sati uku da na'urar tace ruwa a kunne, in ba haka ba dattin kifin zai zama guba ya kashe su, ni kuma ba na son haƙƙinka." Ba na son haƙƙinka! Kuma maganar tasa gaskiya ce, duk mai kiwo ya san sabon tanki na kashe jarirai. Don Allah ku gaya mini, ɓarawo ne ake miƙa wa kuɗi ya ce a dakata? Na saurari saƙon nan ya fi sau ashirin. Har maiɗakina na kunna wa, na ce mata kin ji mai tsoron Allah.

Naira 45,000 ta jarirai 30, kowane 1,500. Sai 9,000 kuɗin mota. Sai kuma 14,000 wai ta iskar oksijin da kwalin da zai riƙe musu ɗumi. Wannan ta ƙarshen ma kaya na tasha ya kira, ko kuwa tun daren ne, na manta, amma dai ya ce direba na shirin tashi, in ban tura ba za su mutu a hanya. Na tura. Lissafa da kanku, 68,000 cif.

Ledar da ta iso, ruwan ya yi fari-fari yana wari, tara sun riga sun mutu a gindinta. Na ƙirga masu rai 17. Ko da matattun 26 ne, ba 30 ba. Na kira shi, ya yi ta salati yana ba ni haƙuri, ya ce zai cike mini a zagaye na gaba. Na yarda. Ai tun kafin nan ma na roƙe shi bidiyon iyayen da sunana a rubuce a takarda kusa da tankin, ya ce wayarsa ta faɗa ruwa. Nan ya kamata in farga, na sani, amma mutumin da ya hana ni tura kuɗi fa?

Dabarar tasu ke nan: jaririn gofi duk iri ɗaya ne a ido, ɗan toka-toka, bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba. Sai an yi makonni kafin launi ya fara fita. Ni da 'yata muna durƙuso gaban gilashi kowace safiya, tana cewa Baba yaushe za su yi shuɗi? Wata biyu ina canza musu ruwa, ina ba su abinci sau huɗu a rana. Da launin ya fito, sai ga ɗigon baƙi da ruwan lemo a jikin mazan, jela guntuwa. Gofin daji ne, irin wanda ya cika magudanan ruwan Legas, yaro ma zai kamfato da rariya. Shi na saya 1,500 kowane ɗaya. Na tura masa hoto, ya buɗe ya gani, ya toshe ni. Shafin nasa ma ya sauya suna, bidiyon kuma daga baya na gan shi a shafin wani mai kiwo na Tailan.

Ina da komai: rasit uku na banki, hotunan hirarmu, da saƙon muryar nan. Zan saka su da daddare in sha Allah, in na rufe lambar asusuna.

Kar ku sayi jarirai marasa launi daga wanda ba ku ga iyayen da idonku ba. In an ce a ƙaro kuɗi kaya na tasha, ku kashe waya.

Kifin suna nan ina ciyar da su, ba su da laifi. Amma 68,000 ɗina ban yafe ba. Kai da ka ce ba ka son haƙƙina, na san kana cikin zauren nan da wani sunan kana karantawa. Allah ya isa tsakanina da kai.