Kwas ɗin falsafar Jamusawa: darasin Fichte ya ci kuɗinsa, na Hegel ya ɓata min rai

Masu tambayata ko kwas ɗin nan na intanet kan falsafar Jamusawa ya cancanci abin da ake biya, to e, amma saboda darasi guda. Kuɗin da suke karɓa ba ƙaramin abu ba ne ga mai albashin malamin sakandare, ga datar da bidiyon ke lashewa.

Da Kant aka fara, yadda hankali ke tsara duk abin da ido ya gani. An yi an wuce, ba yabo ba fallasa. Darasin Fichte ne ya tsayar da ni cak. Da labarin yaƙi malamin ya buɗe shi. A watan Oktoban 1806 Napoleon ya ragargaza rundunar Prussia, masarautar Jamusawa, a garin Jena. Daga Disambar 1807 zuwa Maris 1808, sojojin Faransa suna riƙe da Berlin, Fichte ya miƙe a cikin garin ya yi wa Jamusawa jawabai 14. A ganinsa son kai ne ya kayar da su, maganin kuma sabuwar tarbiyya: makarantar ƙasa ɗaya ga ɗan talaka da ɗan sarauta, mace da namiji, bisa tsarin masanin tarbiyya Pestalozzi ɗan Suwizalan. Har cewa ya yi a raba yara da iyayensu, kada su kwashi halin manya. Nan jikina ya yi sanyi. Mutumin da ya gina falsafarsa kaf a kan 'yancin ɗan Adam, shi ne kuma yake so a sassaƙa yaro har ya kasa son wani abu sai wanda aka zaɓar masa. Malamin bai rufa masa asiri ba ko kaɗan, ya nuna yadda masu zafin kishin ƙasa suka riƙa jawo jawaban nan daga baya. Ya kuma kawo jami'ar Berlin da masani Wilhelm von Humboldt ya assasa a 1810, wadda Fichte ya zama zaɓaɓɓen shugabanta na farko, da mutuwarsa a 1814 da zazzaɓin da matarsa ta ɗauko wajen jinyar sojoji. Wallahi washegari a ofishin malamai ba mu yi wata hira ba sai wannan.

Da a nan aka tsaya, da taurari biyar zan ba su.

Sai aka zo kan Hegel. Ɓangaren yaƙi ya yi daɗi, ban musa ba: yadda ya ga Napoleon bisa doki a Jena ya rubuta wa abokinsa cewa ya ga ruhin duniya, da ra'ayinsa cewa yaƙi yana hana al'umma ruɓewa kamar yadda iska ke hana ruwa wari, saɓanin zaman lafiya na dindindin da Kant ya yi kira gare shi a 1795. Lokacin tambayoyi wata baiwar Allah ta ce, to ina maganar Hegel a laccocin tarihi cewa Afirka ba ta cikin tarihin duniya? Malamin ya yi murmushi ya ce ai mutum ne na zamaninsa, ya kira mai tambaya na gaba. Shi ke nan fa! Na rubuta a akwatin saƙo cewa a shekarun da Hegel ke wannan lacca a Berlin, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yana Sakkwato yana mulki yana wallafa littattafai, kuma matafiyi ɗan Birtaniya Clapperton ya je ya same shi a 1824. Ba a ko karanta ba. Wanda ya yi wa Fichte tonon silili, ga shi yana lallaɓa Hegel, alhali da yawanmu masu biyan kuɗin 'yan Afirka ne. Abin ya tsaya min a rai har yau.

Tunda ma na tuna, ina batun zane da waƙa da suka rubuta da manyan baƙaƙe a tallar? Wasiƙun marubuci Schiller na 1795 kan tarbiyya ta hanyar fasaha, da masanin falsafa Schelling gaba ɗayansa, an cusa su a ɗan guntun bidiyo mai ƙarar fanka a baya. Takardar shaidar kammalawa kuwa har yanzu "ana kan aiki".

Taurari biyu da rabi. Na tambaye su ko za su sayar wa abokan aikina darasin Fichte shi kaɗai, suka ce sai dai a biya kuɗin kwas ɗin duka.