Serato, rekordbox, Traktor ko VirtualDJ: wadda ta dace da mai fara aikin DJ

Ɗan'uwa, ka ce kana da kwamfutar tafi-da-gidanka da tarin waƙoƙi, kana shirin sayen ƙaramar na'urar sarrafawa, irin mai faifai biyu da maɓallan haɗa sauti a tsakiya, kuma kana son sanin manhajar da za ka riƙa tsakanin Serato da rekordbox da Traktor da VirtualDJ. Shawarata ita ce ka fara duba wurin da kake sa ran yin kiɗa da na'urorin da za ka tarar a can, domin dukkan huɗun suna iya ainihin aikin. Kowace tana ƙidaya bugun waƙa a minti ɗaya, tana zana hoton sautinta a allo, tana kuma daidaita waƙoƙi biyu su tafi kafaɗa da kafaɗa. Inda suka rabu shi ne na'urar da kowace ke ɗaure ka da ita, da kuma inda wahalar da za ka sha wajen shirya waƙoƙinka za ta zauna.

Zan fara da rekordbox, domin ita ce aka fi yi wa gurguwar fahimta. Kamfanin Pioneer DJ na Japan, wanda yanzu ake kira AlphaTheta, shi ya fitar da ita a 2009 tare da CDJ-2000, na'urar kunna waƙoƙi ta masu aikin DJ, kuma a lokacin aikinta ɗaya ne kawai, wato shirya waƙoƙi a gida a zuba su cikin filash. Sai a 2015 aka ƙara mata damar yin kiɗa kai tsaye daga kwamfuta. Wannan asali shi ne ƙarfinta har yau, saboda na'urorin CDJ su ne ake girkawa a mafi yawan manyan gidajen rawa da dandalin bukukuwan kiɗa na duniya. Wanda ya shirya waƙoƙinsa a rekordbox yana iya shiga irin wannan wuri da filash biyu a aljihu da abin sauraro a wuya, ya soka filash ɗin, nan take jerin waƙoƙinsa da alamomin da ya sa wa kowace waƙa su bayyana a allon na'urar kamar yadda ya bar su a gida. Idan za ka bi wannan hanya, ka tsara filash ɗin da tsarin FAT32, domin shi ne tsofaffi da sababbin na'urorin suke karantawa. Abin da zan ce a kanta na rashin daɗi shi ne allonta a cunkushe yake, tana kuma yi wa ƙaramar kwamfuta nauyi, sannan tun fitowar sigarta ta 6 a 2020 wasu ɓangarorinta sai da kuɗin wata-wata, ko da yake wasu na'urorin kamfanin suna buɗe damar yin kiɗa da zarar an jona su.

Serato ta biyo ta wata hanya dabam. Kamfani ne na birnin Okalan a ƙasar Niyu Zilan, kuma ya yi suna ne a 2004 da manhajar Scratch Live, wadda ya fitar tare da kamfanin Rane. Dabarar ita ce a ɗora faifan garmaho na musamman wanda babu waƙa a cikinsa sai wani sauti mai ɗauke da alamar lokaci, kwamfuta ta riƙa sauraren wannan sauti tana gane inda allura take da saurin juyawar faifan, ta motsa waƙar da ke cikinta daidai da motsin hannun mai kiɗa. Shi ya sa masu goga faifai da hannu, musamman na kiɗan hif-hof, suka rungume ta, kuma har yanzu ita ce ke gaba a wannan fage. Allonta a sarari yake, tana tara waƙoƙi a abin da take kira akwatuna, kuma a sanina tana da juriyar yin awoyi ba ta tsaya ba. Sai dai ba ta buɗe cikakken aikinta sai an jona mata na'urar da kamfanin ya amince da ita, kuma ta kyauta, Serato DJ Lite, ba ta ba ka damar naɗar haɗin da ka yi, alhali sauraren kuskurenka shi ne rabin koyo. A 2023 AlphaTheta ya nemi sayen Serato, amma hukumar kula da gasar kasuwanci ta Niyu Zilan ta ƙi amincewa a 2024, don haka kamfanoni biyu ne har yanzu, kowa da rumbun waƙoƙinsa.

Ga mai shakka tsakanin waɗannan biyu akwai sauƙi, domin na'urar DDJ-FLX4, wadda aka yi don masu koyo, tana aiki da rekordbox tana kuma aiki da Serato DJ Lite.

Traktor ta kamfanin Native Instruments ce da ke Balin a Jamus, kuma ta fito tun 2000. Ta dace da wanda yake son ya sarrafa waƙa har ta zama wani abu dabam, ya kunna faifai huɗu a lokaci ɗaya, ya yanko gaɓa ya sa ta ta yi ta maimaituwa, ya lulluɓe ta da amsa-kuwwa. Kusan kowane maɓalli na na'urarka kana iya sauya masa aiki yadda kake so, abin da ke faranta wa gwani rai yana kuma rikita sabon shiga. Masu kiɗan tekno da makamantansa sun fi son ta, kuma dalilin yana cikin yadda aka gina ta. Kiɗan da inji ya buga ba ya sauya sauri, idan ya fara da bugu 128 a minti haka zai ƙare. Amma ɗauki waƙar da mutum ya buga wa ganga da hannunsa: ka daidaita layukan awo, wato layukan da manhaja ke ja a kan hoton sauti don nuna kowane bugu, a farkonta su zauna daram a kan bugu, kafin minti biyu ka ga layukan sun zame gefe, saboda makaɗin ya ɗan ƙara sauri a amshi, kuma idan ka dogara da maɓallin daidaitawa za ka ji gangunan waƙoƙin biyu suna tuntuɓe da juna a lasifika. Traktor ta daɗe ba ta da maganin wannan, sai a Traktor Pro 4 ta 2024 ta kawo layukan awo masu bin sauyin sauri. Idan yawancin waƙoƙinka na makaɗa ne masu bugawa da hannu, wannan batu ya fi duk wani ado muhimmanci a wurinka.

VirtualDJ kuwa, ta kamfanin Atomix Productions wadda ta fito a 2003, wasu ƙwararru suna yi mata kallon kayan yara, kuma a ganina ba su yi mata adalci ba. Kyauta ce ga mai koyo a gida da kwamfuta kaɗai, sai an zo amfani da na'urar sarrafawa ko aikin kuɗi ake neman lasisi. Tana karɓar na'urori na kamfanoni masu yawa ƙwarai, tana haɗa bidiyo, tana nuna baitocin waƙa a allo don masu rerawa, don haka mai yin kiɗa a tarurruka iri-iri, inda kowa ke zuwa da tasa buƙata, ya fi samun biyan buƙata a wurinta. A 2020 ita da manhajar djay ta kamfanin Algoriddim suka fara raba waƙa nan take zuwa murya da ganga da sauran kayan kiɗa, ta yadda za ka ɗauke muryar wannan ka ɗora a kan kiɗan waccan. Serato ta biyo baya a ƙarshen 2022, sauran ma suka bi sahu. Kada wannan ya zama ma'auninka, domin aikin yana cin ƙarfin kwamfuta sosai, kuma muryar da aka ɓamɓaro takan fito da ɗan gurɓata wanda babbar lasifika ke tona wa asiri. Akwai kuma Mixxx, wadda kyauta ce gaba ɗaya kuma tana aiki har a kan Linux, ta isa a koyi tushen aikin da ita.

Abin da nake so ka riƙe da kyau shi ne batun rumbun waƙoƙi. Kowace waƙa da za ka kunna a gaban jama'a sai ka zauna da ita, ka gyara awonta, ka sa alama inda murya ke shiga da inda ganga ke tsayawa, ka ajiye ta a jerin da ya dace. Kowace manhaja tana adana wannan aiki ta hanyarta, kuma galibi ɗaya ba ta karanta na ɗaya kai tsaye. Na taɓa sauya manhaja bayan na daɗe ina amfani da wata, ban tanadi hanyar kwashe alamomina ba, na buɗe sabuwar na tarar da waƙoƙin duk suna nan amma babu alama ko ɗaya, sai da na yi makonni ina sake sa su da hannu. Akwai manhajoji irin su Lexicon da ke yin wannan ƙaura, amma sai ka bi sawunsu waƙa bayan waƙa ka tabbatar alamomin sun sauka daidai.

Kafin ka yanke hukunci, gwada kowace a kan kwamfutarka, ka shiga saitin sauti ka duba jinkirin da ke tsakanin taɓa maɓalli da fitar sauti. Idan kwamfuta tana sarrafa gutsattsarin sauti 44,100 a daƙiƙa, ma'ajin sauti (buffer), wato adadin gutsattsarin da take tarawa kafin ta fitar, na 256 yana ba da jinkirin kusan kashi 6 cikin dubu na daƙiƙa, na 1,024 kuwa kusan kashi 23, wanda hannu ke iya ji. Manhajar da ta yi awa biyu a kan 256 ba tare da sauti ya yi ƙaraf-ƙaraf ba, ita ce kwamfutarka ke iya ɗauka.

Idan burinka gidajen rawa ne masu CDJ, fara da rekordbox tun yau. Idan goga faifai ne ya ja ka zuwa wannan sana'a, Serato ce taka. Traktor ta mai son ƙera sabon sauti ce daga kiɗan inji. Amma bisa yadda ka bayyana halinka, mai fara koyo da tarin waƙoƙi iri-iri wanda bai riga ya san inda zai yi kiɗa ba, da ni ne sai in sauke VirtualDJ in yi wata guda ina koyo da ita kafin in sayi na'ura, sannan in zaɓi na'urar da ke aiki da manhaja fiye da ɗaya, in kuma jinkirta aikin sa alamomi a dukkan waƙoƙina har sai na tsayar da wadda zan zauna da ita.